Layin Famfo a Cikin Kwamfuta: Darasin Farko Kan Manhajar Kwaikwayo

Duk wanda ya taɓa kwana a makarantar nan ya san abin da ke faruwa a bakin famfo tsakanin asuba da ƙararrawar taron safe. Bokitai a jere, ƙananan yara a baya, manya suna ratse. Wanda ya makara kuwa sai ya zaɓi ɗaya cikin biyu, ko ya shiga aji ba wanka, ko ya yi wanka ya sha horon latti. Iyayenmu sun ji kukan nan, har maganar ta kai gaban taron iyaye da malamai. Waɗansu suka ce a ƙara tanki, waɗansu suka ce a'a, bakin famfo za a ƙara, kuɗin da za a iya tarawa kuwa ba zai yi duka biyun ba. Kowa yana da hujjarsa, amma ba wanda zai iya gwada maganarsa sai an kashe kuɗin tukuna.

To, akwai hanyar da ake gwada shawara irin wannan ba tare da an kashe ko kwabo ba, ita ce nake so in yi wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu bayani a kai, gwargwadon abin da muka koya a ƙungiyarmu ta kwamfuta. Sunanta kwaikwayo. Watau mutum ya gina ɗan samfurin abu a cikin kwamfuta, ya sa masa dokokin da ainihin abin yake bi, sa'an nan ya sake shi ya yi tafiya, shi kuwa yana kallo. Kamar dai tela mai hankali ne, wanda yakan fara yanka takarda kafin ya sa almakashi a shaddar mutane. In ya ɓata takarda ba komai, sai ya ɗauko wata. Da wannan hanya manyan kamfanoni suke gwada tashoshin jiragen ruwa da asibitoci da masana'antu tun ba a aza tubali ba.

Hanyoyi uku na kallon abu ɗaya

Masana wannan fanni sun daɗe a rabe gida uku, kowane gida da irin idon da yake kallon duniya da shi. Kafin mutum ya taɓa kwamfuta ya kamata ya san su, domin manhajar ba za ta zaɓa masa ba.

Gida na farko na Jay Forrester ne, wani injiniya na jami'ar MIT ta Amurka, wanda aka haifa a 1918 a gidan kiwon shanu a jihar Nebraska, ya rasu a 2016. Wajen tsakiyar shekarun 1950 manajojin kamfanin General Electric suka gaya masa wani abu da ya ɗaure musu kai. Masana'antunsu na kayan gida a jihar Kentucky sukan yi aiki dare da rana wannan shekara, bayan 'yan shekaru kuma sai a sallami ma'aikata da yawa, sa'an nan a sāke ɗauka, haka dai abin yake ta juyawa. Su sun ɗauka laifin kasuwa ne. Forrester ya ɗauki fensir da littafin rubutu, ya ja layuka: nan kayan da ke ajiye, nan odar da aka karɓa, nan yawan ma'aikata. Ya bi su mako-mako bisa ƙa'idojin da manajojin suke yanke shawara da su, sai ga shi hawa da saukar nan suna iya fitowa daga cikin gida ko da kasuwa ba ta motsa ba. A lura da wannan da kyau, kwaikwayonsa na farko da fensir ya yi shi. Littafinsa a kan wannan hanya ya fito a 1961. Ni ina kiran hanyar tasa hanyar randa, domin komai a wurinta randa ne da ake zuba wa abu ta sama yana fita ta ƙasa, ko ruwa ne, ko kuɗi, ko yawan mutanen gari. Ba ruwanta da wane da wane, jimla kawai take dubawa.

Gida na biyu hanyar layi ce. Tushenta lissafin wani mutumin Denmark ne mai suna Erlang, ma'aikacin kamfanin tarho na birnin Copenhagen, wanda a 1909 ya buga bincike kan yadda kiran waya yake shigowa ba tsari. Daga baya, a 1961, Geoffrey Gordon na kamfanin IBM ya fito da manhajar GPSS, wadda take bin abubuwa ɗaya bayan ɗaya: wannan ya iso, ya jira, an sallame shi, ya tafi. Agogon wannan hanya ba ya tafiya a hankali, tsalle yake yi daga wani abu da ya auku zuwa na gaba, tun da yake tsakaninsu ba abin da ya sāke. Da ita ake auna layin banki da na asibiti da na gidan mai.

Gida na uku shi ne ƙarami a shekaru, ni kuwa ya fi ba ni sha'awa. A nan kowane mutum ana ba shi halinsa da ƙa'idarsa, sa'an nan a zuba su wuri ɗaya a ga abin da zai fito. Thomas Schelling, wani masanin tattalin arziki na Amurka wanda ya sami kyautar Nobel a 2005, ya gwada wannan da tsabar kuɗi iri biyu a kan allo mai gidaje irin na dara, ya buga sakamakon a 1971. Ya ɗauki kowane tsaba a matsayin magidanci wanda bai ƙi zama da waɗanda ba irinsa ba, muddin dai bai zama saniyar ware a unguwa ba. In ya ga ya zama, sai ya ƙaura. Da aka yi ta ƙaura, sai allon ya rabu unguwa-unguwa, kowane iri a gefensa, alhali ba wanda ya nemi a yi haka tun farko. Wannan ita ce hanyar ɗaiɗaiku.

Shekaru da yawa kowace hanya tana da manhajarta da mutanenta, kusan ba sa ga maciji da juna. A shekarar 2000 wani kamfani na birnin St. Petersburg a Rasha, mai suna XJ Technologies, ya fito da manhajar AnyLogic, wadda aka san ta da haɗa hanyoyin nan uku a cikin samfuri guda. Yanzu kamfanin sunan manhajar yake amsawa. Akwai wadda ake sayarwa da tsada domin kamfanoni, akwai kuma ta masu koyo wadda ake saukewa kyauta daga intanet, sai dai an ƙayyade girman abin da za a iya ginawa da ita, kuma ba a yarda a yi kasuwanci da ita ba. Ta ishi ɗan makaranta har da ragi. Kwamfuta take bukata, ba ta hawa kan wayar hannu.

Ranar farko a gaban allo

Shawarata ita ce a fara da hanyar layi, domin ita ce ido ya fi saurin ganewa. Amma kafin a kunna kwamfuta, a rubuta tambaya guda ɗaya a takarda. Tamu ita ce: minti nawa ɗalibi yake ɓatawa daga isowarsa bakin famfo zuwa tafiyarsa da cikakken bokiti? Wanda ya zauna ba tambaya, zai ƙare da zana ɗakunan kwana da itatuwa da hanyoyi masu kyau, ya tashi bai san komai ba. Na yi wannan da kaina, mako guda cur.

In aka buɗe sabon samfuri, manhajar za ta nemi suna da ma'aunin lokaci. A zaɓi minti. A gefen hagu akwai jerin kayan aiki, a nemi rukunin da aka rubuta wa Process Modeling Library. Daga nan za a jawo akwatuna huɗu zuwa tsakiyar allo, a jera su daga hagu zuwa dama, su haɗu da juna kamar taragun jirgin ƙasa. Na farko, mai suna Source, shi ne ƙofar da ɗalibai suke fitowa. Na biyu, Queue, shi ne layin. Na uku, Delay, shi ne bakin famfon, inda mutum ɗaya yake tsayawa har bokitinsa ya cika. Na huɗu, Sink, nan suke ɓacewa bayan sun gama. In aka taɓa kowane akwati, gurabun saita shi za su bayyana a gefen dama.

Yanzu mu ƙaddara lambobi domin darasi. A ce ɗalibai 50 suke isowa a awa ɗaya, famfon kuwa yana cika bokiti a minti ɗaya a matsakaici, watau bokiti 60 a awa. A sa waɗannan a gurabunsu, a danna maɓallin tafiya. Wani zai ce ai ba za a ga layi ba sam, tun da famfon ya fi masu zuwa sauri. Sai ga layi yana tsawo yana gajarta. Dalili shi ne mutane ba sa zuwa a tsare kamar sojoji. Wani lokaci biyar za su zo tare, wani lokaci famfon ya zauna minti uku ba kowa, mintocin da ya zauna a banza kuwa ba ya iya ajiye su domin gaba.

Ga tarkuna biyu da kusan kowane sabon shiga yake faɗawa. Na farko, akwatin layin nan yana zuwa da iyakar mutum 100. In layi ya wuce haka sai samfurin ya tsaya cak ya fito da jan rubutu, mai koyo ya zaci ya lalata kwamfutar makaranta. Bai lalata komai ba, ya ɗaga iyakar kawai. Na biyu, in aka sāke danna tafiya, sau da yawa sakamakon jiya ne zai dawo daidai-wa-daida, domin an saita manhajar ta riƙa jefa ƙuri'arta iri ɗaya kowane lokaci, saboda a iya gano kuskure. In ana son ganin ranaku dabam-dabam sai a sāke wannan saiti, a kuma gudanar da samfurin sau da yawa a ɗauki matsakaici. Gudu ɗaya tamkar safiya ɗaya ce, ba a kuwa yanke wa shekara hukunci da safiya ɗaya.

Kada a yarda da kwamfuta sai an gwada ta

Wannan sashe shi ne ya fi muhimmanci, ko da yake ba shi da daɗin kallo. Kwamfuta ba ta jin kunyar fito da amsar banza da lambobi masu kyau. Saboda haka ake fara ba ta tambayar da aka riga aka san amsarta.

Lissafin layi yana da wata ƙa'ida mai sauƙi domin famfo ɗaya, idan isowar mutane da tsawon cika bokiti duka biyu na kwatsam ne, irin wanda a manhajar ake rubuta wa exponential, kuma an bar abin ya daɗe yana tafiya. A ɗebe yawan masu zuwa daga yawan da famfo yake iya sallama, sa'an nan a raba minti 60 da abin da ya rage. A misalinmu, 50 daga 60 saura 10; 60 a raba da 10, minti 6 ke nan, jira da ɗiba gaba ɗaya. In samfurinka ya yi doguwar tafiya ya ba ka kusan 6, ka san ka haɗa shi daidai. In ya ba ka 40, ka koma ka duba, watakila ka sa daƙiƙa a wurin minti.

Yanzu a ƙara mutum 7 kacal, masu zuwa su zama 57. Daga 60 saura 3. 60 a raba da 3, minti 20. Ƙarin mutum bakwai a awa ya mai da minti 6 ya zama 20! Wannan ne ya sa iyaye sukan yi mamaki, su ce ai 'yan yara kaɗan aka ƙara bana, yaya aka yi ƙorafi ya yi yawa haka? Layi ba ya girma daidai da yawan mutane, in famfo ya kusa kai ƙarshen ƙarfinsa tsalle yake yi.

Akwai wani abu kuma. In aka koma ga mutum 50, amma aka sa cika bokiti ya daidaita, ya tsaya tsakanin rabin minti da minti ɗaya da rabi, sai mintin nan 6 ya sauko zuwa wajen 3 da rabi, alhali matsakaicin saurin famfon bai sāke ba. Ashe ba yawan mutane kaɗai ke kawo layi ba, har da rashin daidaito. Mai zuwa da jarka babba, da mai tsayawa wanke safa a bakin famfo, suna ci wa kowa lokaci fiye da yadda suke zato.

To, in akwai ƙa'ida, me ya kawo kwamfuta? Saboda ƙa'idar ba ta jure safiyarmu. A ce mutum 120 ne suka fito cikin awa ɗaya. 120 daga 60 ba ya ɗebuwa, lissafin ya watse. Abin da ke faruwa shi ne layi yana ƙaruwa da mutum ɗaya kowane minti, bayan awa guda akwai wajen mutum 60 a tsaye, na ƙarshensu kuwa sai ya ƙara awa guda. Da zarar an shigo da ratsen manya, da ƙararrawa, da ɗaukewar wuta, ba sauran ƙa'idar da za a rubuta a layi ɗaya. Nan ne kwaikwayo yake karɓar aiki.

Inda hanyoyin uku suke haɗuwa

Samfurin da muka gina yana da ƙarya guda babba, ya ɗauka ruwa ba ya ƙarewa. Gyaran wannan aikin hanyar randa ne. A rukunin da aka rubuta wa System Dynamics a jawo akwatin randa, a sa masa suna tanki, ba tare da rata a cikin sunan ba, a ja masa kibiyar shiga daga injin rijiyar burtsatse. A ƙaddara bokiti lita 10 ne. Bokiti 50 a awa lita 500 ke nan. In inji yana turo lita 300, tanki yana raguwa da 200 kowace awa. In kuwa ba wuta, aka wayi gari da lita 1,000 kacal, bokiti 100 ne, ya ƙare cikin awa biyu.

Haɗa tankin da layin ba shi da wuya. A akwatin famfo akwai gurbin da ake rubuta abin da zai faru duk lokacin da mutum ya fita. A nan za a rubuta ɗan umurni cewa a rage 10 daga tanki. Da harshen Java ake rubuta irin wannan, layi ɗaya ne gajere, kada ya tsorata kowa. Sa'an nan a ɗaura saurin famfon a kan yawan ruwan da ya rage. Wani Ba'italiye mai suna Torricelli ya nuna tun ƙarni na 17 cewa saurin fitar ruwa ya dogara da tsayin ruwan a saman inda yake fita: in tsayin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, saurin yakan koma rabi. Saboda haka tankin da aka ɗora kan doguwar hasumiya ba ya nuna wannan sosai, amma wanda ke kan ɗan dandamali yakan nuna shi ƙwarai.

Saura ɗalibai su kansu. A hanyar layi tamkar duwatsu suke, inda aka ajiye su nan suke tsayawa. Mu kuwa mun san halinmu. A hanyar ɗaiɗaiku ana zana wa kowane ɗalibi taswirar halaye: yana barci, ya farka, yana layi, yana wanka, ya tafi aji, da kibiyoyi masu nuna abin da ke fitar da shi daga wannan hali zuwa wancan. Ana iya cewa wanda ya tarar da fiye da mutum 30 ya juya ya haƙura. Ana iya cewa wanda ya ga ruwa yana tsiyaya a hankali ya gaya wa abokansa biyu, su kuwa su taso da gudu da bokiti bibbiyu.

A duba abin da ya faru yanzu. Tanki ya yi ƙasa, famfo ya rage gudu, layi ya yi tsawo, labari ya bazu cewa ruwa zai ƙare, kowa ya ɗebi ninki, tanki ya ƙara yin ƙasa. Da'ira ce mai cin kanta, kuma ba wata hanya guda daga cikin ukun da za ta nuna ta cikin sauƙi ita kaɗai, domin kowane ɓangare na da'irar a gidan wata hanyar yake. Amma ina gargaɗi, kada a haɗa ukun domin burgewa. In tambayar ta layi ce zalla, akwatuna huɗun nan sun isa. Kowane ƙari sabuwar ƙofar kuskure ce, sai a ƙara abu ɗaya, a gwada, kafin a ƙara na biyu.

To, tanki ko famfo?

Da lambobin darasinmu, bakin famfo na biyu yana yin abin mamaki. Mutum 57 a awa, layi ɗaya, famfo biyu: mintin nan 20 ya koma ƙasa da minti ɗaya da rabi. Amma in an wayi gari da lita 1,000, famfo goma ma ba za su ba mutum na 101 ko ɗigo ba. Haka nan tanki na biyu ba zai rage minti ɗaya daga jiran ranar da ruwa yake cike ba, kuma ba shi da amfani in injin bai sami wutar da zai cika na farkon ba ma. Watau ɓangarorin iyayenmu biyu cuta biyu dabam suke magana a kai, abin da ya rage shi ne a san wacce ta fi kama mu, kuma kwana nawa a wata. Akwai ma shawara ta uku da samfurin yake iya gwadawa, wadda ba ta cin kuɗi: wasu ɗakunan kwana su ɗebi ruwansu da yamma, domin a raba cunkoson gida biyu. A ganina ita ya kamata a fara gwadawa, ko da yake na san waɗanda ake satar wa ruwa da dare ba za su gode mini ba. Wannan ma hali ne da za a iya sa wa ɗaiɗaikun a cikin samfurin.

Wanda yake son ci gaba, akwai misalai da yawa da aka riga aka gina a cikin manhajar, ana buɗe su a ga cikinsu a sāke lambobinsu, akwai kuma littafin koyo na kyauta da Ilya Grigoryev ya rubuta, wanda aka tsara a gama cikin kwana uku, sai dai da Turanci yake. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ya nemi NetLogo, wadda Uri Wilensky ya fitar a 1999, kyauta ce kuma mara nauyi, ta hanyar ɗaiɗaiku ce, akwai ma samfurin Schelling a cikinta.

Lambobin da na yi amfani da su duka na ƙaddarawa ne, ba za a kai su gaban taron iyaye ba. Na gaskiya a bakin famfo suke. Saboda haka daga ranar Litinin mai zuwa, har mako biyu, 'yan ƙungiyarmu biyu za su riƙa tsayawa can tun asuba, ɗaya da agogo yana rubuta lokacin isowar kowa da lokacin tafiyarsa, ɗaya kuwa yana duba inda ruwan tanki ya tsaya kafin a fara ɗiba da bayan an gama. Ba sunan kowa za su rubuta ba, kuma ba shugaban ɗalibai ne ya aiko su ba. Muna roƙon manyan aji su bar su su yi aikinsu, kuma kowa ya yi yadda ya saba, mai ratse ma ya yi ratsensa, domin shi ma muna bukatar mu ƙidaya shi.